Giram Arba'in na Kitse

Litinin, 13 ga Agusta, 1917. Ƙarfe 7:10 na yamma.

Brugge, tashar jiragen yaƙinmu, ɗakina na saman ofishin zane, taga a buɗe. Zafin ruwa a bakin tasha: digiri goma sha bakwai da rabi.

Jirgin Kyaftin Ohlrogge ya tashi ran 29 ga Yuli da mutum ashirin da shida da nakiya goma sha takwas. Ran 9 ga wata ya kamata ya shigo. Yau kwana huɗu. A nan ba a cewa komai sai an cika kwana goma, don haka ni ma ba zan ce komai ba.

Zan dai rubuta yadda abin yake aiki tun daga tushe, kamar ina gaban malamanmu na Danzig, ko zan hango inda na yi tsallake.

Jirgin ƙarƙashin ruwa irin namu tsawonsa mita hamsin ne da 'yan kai. A gabansa akwai rijiyoyi shida, a buɗe sama da ƙasa, ruwan teku yana ratsa su kullum. Kowace rijiya nakiya uku, ɗaya bisa ɗaya. In an saki nakiya, sai ta faɗa ƙasan teku manne da angarta, ƙarfen nauyin da ke zaunar da ita a ƙasa. Ƙugiya ce ke riƙe ta jikin angar, abin da ya tokare ƙugiyar kuma dunƙulen wani gishiri ne, bai wuce babban yatsa ba. Gishiri ya narke, ƙugiya ta buɗe, nakiya ta taso a kan igiyarta ta tsaya jiran wanda zai taɓa ta. Kafin nan jirginmu ya yi nisa.

Da yake nakiyar tana jiƙe a rijiya kwana da kwanaki kafin a sake ta, gishirin yana cikin ɗan kofi mai murfi. Ana liƙe bakin murfin da kitsen shanu, giram arba'in. Faɗuwar nakiyar ce ke fizge murfin.

Murfin nan zanena ne. Shi ne aikina na farko bayan na gama makaranta, a Kiel, cikin Fabrairu. Sunana yana kusurwar takardar ta dama: A. Tessmann.

Matthis Kröpelin ne injiniyan jirgin Ohlrogge. Aji ɗaya muka yi shekara huɗu. Ya ari littafina na lissafin ƙarfin ƙarfe, ya ce zai dawo da shi.

Talata, 14 ga Agusta. Ƙarfe 12:40 na rana.

Na je wurin Babban Injiniya Harmsen, shugabana. Na ce duk gwajin da na yi wa gishirin a Kiel cikin hunturu na yi shi, ruwa yana digiri biyu. Yanzu bazara ce.

Bai ɗago daga miyarsa ba. Ya ce, "Tessmann, yaƙi ake yi. Akwai ragar tare jirgi, akwai bama-bamai, akwai 'yan Ingila da ba su da aiki sai neman jiragenmu. Ba kowane jirgi ne zai ɓace saboda zanenka ba. Kada ka ɗauki kanka da girma haka."

Na ce, "Haka ne, yallabai."

Ya ce, "In gwaji kake so, je ka yi gwaji. Ka daina tsaya mini a ka kamar mai karɓar gaisuwa."

Laraba, 15 ga Agusta. Ƙarfe 6:00 na yamma.

Na aro kwalabe shida daga kicin, da guntun ƙanƙara daga ma'ajiyar giya. Ga abin da agogo ya ba ni.

A digiri biyu, gishiri ya narke cikin minti 19. A digiri goma, minti 14 da rabi. A zafin yau, minti 11 da daƙiƙa 5. A digiri ashirin da biyar, wanda tekunmu ba ya kaiwa, minti 8 da daƙiƙa 40.

Ban taɓa zama na kalli narkewarsa da kyau ba sai yau. Ba daga sama yake ci ba, daga kusurwoyi yake farawa, kuma wasu zare-zare suna sauka daga jikinsa kamar hayaƙin da ya juya kai ƙasa. Ina son sanin dalilin da ya sa gefen da ke kallon taga ya fi saurin cinyewa. Wataƙila rana ce ke ɗumama gilashin.

Jirgi yana sakin nakiya yana tafiyar mita sittin a minti. Minti goma sha ɗaya ya ba shi mita ɗari shida da sittin. Ya isa, har da saura. To, ba zafi ba ne.

Na ji daɗi kusan awa guda.

Alhamis, 16 ga Agusta. Ƙarfe 8:00 na safe.

Digiri goma sha takwas. Kwana bakwai.

Juma'a, 17 ga Agusta. Ƙarfe 5:30 na yamma.

Kyaftin Dassow ya same ni a bakin tasha ina ɗibar ruwa. Bai fi ni da shekara uku ba, amma gashin kansa ya fara fari ta gefe. Shi ya sa mini suna Mai Agogo, yanzu kowa ya ɗauka.

Ya ce, "Mai Agogo, an ce ka buɗe shagon sayar da tsami a ɗakinka. Kwalba nawa-nawa?"

Na yi masa bayani. Na zaci zai yi dariya, sai ya tsuguna kusa da ni.

Ya ce, "Bari in ba ka wani lissafin, tunda abincinka ke nan. Jirgi uku cikin masu saka ƙwai sun tafi shiru tun Yuni." Ƙwai suke ce wa nakiya. "'Yan Ingila in suka nutsar da mutum, sai sun buga a jarida har da hoton hularsa. Waɗannan ukun ko tari ba su yi ba. Kuma dukansu nesa aka tura su."

Na ce ta yaya ya sani, tunda a rufe ake ba da umarni.

Ya ce, "Burodi, malam. Tsaya ka ƙirga burodin da ake lodawa. Mai zuwa nan bakin kogi na kwana biyar ake ba shi. Ohlrogge na kwana goma sha huɗu ya ɗauka." Ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa. "Ni ma ran 28 zan tashi. Mai gasa burodin ya ce an rubuta mini na sha huɗu. Ka ga in ka gano wani abu a kwalaben nan, kada ka ji kunyar faɗa mini."

Nesa da kusa. Me ya bambanta su a wurin nakiya? Abu ɗaya na samu: yawan kwanakin da take yi a jiƙe cikin rijiya.

Asabar, 18 ga Agusta. Ƙarfe 2:15 na rana.

Sabon gwaji, wannan karon na murfi. Kofi uku na liƙe da hannuna, da kitsen da na zo da shi daga Kiel a ɗan gwangwani. Uku kuma na je na karɓo a rumfar shirya nakiya, cikin waɗanda aka riga aka liƙe.

Rumfar tana hannun Baba Pagels, mutumin Wismar, shekararsa hamsin da takwas, maƙerin jirgi ne tun ban zo duniya ba. Mutum tara ne a ƙarƙashinsa, duk dattawan da aka kira aiki don matasa sun ƙare. Tun da na zo a watan Mayu yake ce mini ɗana, yana gyara mini riƙon sifana.

Yau da na roƙi kofunan ya daɗe yana goge hannu.

Ya ce, "Me za ka yi da su, ɗana? In sababbi kake so in liƙe maka yanzu."

Na ce a'a, waɗancan na kan kanta nake so.

Dröge, mai barkwancinsu, ya ce, "Ba shi mana, Baba. Injiniya zai kai su makaranta ne su koyi ƙidaya."

Duka shidan suna cikin kwalabe cike da ruwan tasha tun ƙarfe 1:50. Nawa a hagu, nasu a dama.

Lahadi, 19 ga Agusta. Ƙarfe 4:00 na yamma.

Kwana goma. An kwashe kayan ɗakin mutanen Ohlrogge an ɗaɗɗaure. Wani soja ya kawo mini littafina, ya ga sunana a ciki. Ashe Matthis bai tafi da shi ba. Ya sa tikitin jirgin ƙasa a shafi na 212.

Litinin, 20 ga Agusta. Ƙarfe 1:50 na rana.

Kwana biyu cif. Na hagu garau. Na dama, ɗaya ta ɗan yi hazo, kamar an ɗiga madara. Wataƙila ban wanke kwalbar da kyau ba.

Talata, 21 ga Agusta. Ƙarfe 1:50 na rana.

Na dama duka uku sun yi fari. Na wanke su da kyau, na tuna.

Na girgiza ɗaya don in ga ko laka ce za ta kwanta. Ba ta kwanta ba. Kumfa ta taso, yatsa biyu, ta zauna minti shida.

Kitse ba ya kumfa. Na duba littattafai biyu, ko da yake na sani.

Laraba, 22 ga Agusta. Ƙarfe 3:05 na rana.

Kwana huɗu. Na fizge murafen ɗaya bayan ɗaya, agogo a hannu.

Nawa: minti 11, minti 10 da daƙiƙa 50, minti 11 da daƙiƙa 10.

Nasu: na farko gishirin ya koma kamar ƙwayar wake, daƙiƙa 50. Na biyu, daƙiƙa 35. Na uku babu abin aunawa, kofin ruwa ne zalla.

Daƙiƙa 35 mita 35 ke nan. Rijiyoyin suna gaba, jirgin mita hamsin ne. Wato wutsiyarsa ba ta gama wucewa ba.

Na yi lissafin sau uku. Ban sauka cin abinci ba.

Alhamis, 23 ga Agusta. Ƙarfe 7:30 na yamma.

Da safe aka loda wa Dassow nakiyoyinsa, ina kallo ta taga. Goma sha takwas. Da aka gama na ɗauki kwalba ɗaya na tafi rumfa.

Na ajiye ta a teburin aiki, na girgiza. Kumfa ta taso.

Dröge ya ce, "To, Injiniya ya koma wanki." Ba wanda ya yi dariya, har shi.

Baba Pagels ya ce da su, "Ku fita ku sha iska." Da suka fita ya jawo mini akwati. "Zauna, ɗana."

Na ce tsayuwa ta fi mini.

Ya ce, "Rabi da rabi ne. Rabi kitse, rabi sabulun yaƙin nan mai yumɓu, a dama da ɗan ruwa. Kala ɗaya, laushi ɗaya. Tun Afrilu. Ranar da gwangwani ya iso muke dama shi duka."

"Ɗaya rabin fa?"

"Gida." Ya nuna ƙofa da haɓa. "Mu goma ne, kowa yana da baki a gida. Kai mai awo ne, ka san maiƙon da ake ba mutum a Wismar a mako? Ba zai shafe maka murfi biyu ba, shi ma in an samu. Jikata Trine shekararta biyar, ƙafafunta sun fara lanƙwasa. Likita ya duba ta ya ce a ba ta maiƙo. Maiƙo! Da ma ya ce a ba ta zinariya."



Ya ce, "Kuma kada ka ɗauke mu mahaukata, mun gwada. Mun jefa a bokiti tun yamma har safe, muka buɗe, gishiri a bushe ƙamas. Sau uku, wallahi. Jirgi nawa ya je ya dawo lafiya tun Afrilu? Ƙirga mana."

Na ce, "Na kusa ne, Baba. Kwana ɗaya, kwana biyu sun saki. A kwana biyu murfinku yana riƙewa. A kwana huɗu ba ya riƙewa."

Sai shi ya zauna a kan akwatin. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

Ya ce, "Ohlrogge?"

Na ce ban tabbata ba. Gaskiyar ke nan, ban tabbata ba.

Ya ce, "Yaron nan Kröpelin, taba yake kawo mini duk dawowa." Can kuma ya ce, ba da faɗa ba, "Wanda ya rubuta kitsen shanu a takardar nan bai taɓa kwana da yunwa ba."

Na ce, "Ni ne."

Ya ce, "Na sani."

Na tuna dalilina. Man inji an keɓe shi ga injuna. Kitse yana kama ƙarfe a ruwan sanyi, haka littafin ya ce, kuma haka ne. Na auna nauyinsa, da taurinsa, da zafin da yake narkewa. Ban tambayi kaina ko ana cinsa ba. A wata guda rumfar nan tana shirya nakiya kusan ɗari uku. Kilo goma sha biyu na abinci na sa a gaban mutum goma, na ce su shafa wa ƙarfe.

Juma'a, 24 ga Agusta. Ƙarfe 11:20 na safe.

Na ce da Harmsen a sauke nakiyoyin Dassow.

Ya ce, "A sauke. Kamar buhun dankali. Ka san injin ƙugiya na ɗaga kaya ɗaya gare mu? Ka san wa zan je in gaya wa jirgi ba zai tashi ba?"

Na ba shi lambobin. Ya karanta, ya cire tabarau.

Ya ce, "Rubuta mini dalili a takarda, ka sa hannu. Kuma dalili yana zuwa da suna, Tessmann. Ofishin sama ba ya karɓar cewa abu ya lalace da kansa. Sai an ce wa."

Na tambaya me ake yi wa wanda aka samu da taɓa kayan yaƙi.

Ya dube ni. Ya ce, "Kotun soja. In kuma an rataya jirgi uku a wuyan maganar, ba sai na ƙarasa maka ba."

Saura kwana huɗu.

Juma'a, ƙarfe 6:45 na yamma.

Na rubuta sau uku, na yaga sau uku. A na farko akwai suna goma. A na biyu suna ɗaya. Na uku babu suna, kuma na san ba za a karɓa ba.

Digiri goma sha takwas.

Asabar, 25 ga Agusta. Ƙarfe 10:00 na safe.

Ga abin da na miƙa, kalma da kalma:

"Kitsen shanu da na tanada a zane mai lamba 114 bai dace da yanayin da ake aiki a tashar yaƙi ba. Na gwada kofi uku da aka shirya a nan, ruwa ya shige su duka kafin kwana huɗu. Kuskuren zaɓin kayan nawa ne. Ina neman a sauke nakiyoyin jirgin Kyaftin Dassow a sake liƙe su, kuma daga yau a riƙa gauraya kitsen da kwalta, kashi ɗaya cikin biyar. A. Tessmann."

Na bi kowace jimla. Babu ƙarya a ciki ko ɗaya. Ban san me ya sa nake ji kamar akwai ba.

Harmsen ya karanta a tsaye. Ya ɗauki kwalbar da na kawo, ya kai hanci, ya ajiye, ya goge yatsunsa da hankici a hankali.

Ya ce, "Me kwalta za ta ƙara?"

Na ce, "Ba za a iya cinsa ba, yallabai."

"Ɓeraye ke nan."

Ya ɗauki alƙalami ya rubuta "ɓeraye" a gefen takardar da hannunsa, ya buga hatimi.

Ya ce, "Ka san wannan Kiel za ta je? Shekararka ta farko ke nan a aiki, ka ɗauko jirgi uku ka ɗora wa kanka. Kai dai ba ka da wayo ko kaɗan." Ya miƙa wa magatakarda. "A kira mai ƙugiya."

Asabar, ƙarfe 3:30 na rana.

Dassow ya zo har ofis, hula a ƙeya.

Ya ce, "Mai Agogo, an ce ka hana kazata ƙwai."

Na ce zuwa Litinin za a mayar.

"Sabon haɗin naka, kwana nawa ka gwada shi?"

Na ce in na fara gobe, kwana biyu kafin ya tashi.

"Mu kuma kwana huɗu za mu yi a hanya." Ya sosa gemu. "To, ka san al'adar masu ƙera jirgi. Wanda ya ɗaure ƙusa shi ke shiga nutson farko. Ina da wurin kwana ɗaya kusa da rijiyoyi, ba mai so saboda ɗigar ruwa. Ka zo da agogonka."

Na ce idona ba shi da ƙarfi, shi ya sa ba a ɗauke ni soja ba.

Ya ce, "Can ƙasa ba abin gani. Ka zo."

Na ce to. Abin mamaki, tsoro ya zo, amma tare da shi akwai wani abu. Wata shida ina zana cikin jirgin nan, ban taɓa jin yadda yake nutsewa ba.

Lahadi, 26 ga Agusta. Ƙarfe 7:00 na yamma.

An sauke goma sha takwas ɗin kafin azahar. Na buɗe kofi biyu da ke can ƙasan rijiya, inda ruwan tasha yake taɓawa. Gishirinsu ya fara laushi.

Sai matsala ta taso. Ana bukatar giram ɗari bakwai da ashirin na kitse tsantsa. Na rumfa duk an dama shi, sabon gwangwani sai Satumba, nawa na Kiel saura cokali biyu.

Baba Pagels ya ce, "Ku kawo." Ba wanda ya motsa. Ya ce, "Na ce ku kawo, ko sai na bi ku ɗaki-ɗaki?"

Gobe Litinin ce ranar aika saƙo gida. Suka dawo da ƙunshe-ƙunshe cikin takarda mai ruwan ƙasa, an ɗaure da zare, an riga an rubuta adireshi. Wismar, Rostock, Husum. Suka kwance a kan tebur. Dröge ya naɗe zarensa a yatsa ya sa aljihu, ya ninke takardar da sunan matarsa a ciki.

Na narkar da kitsen a tukunya, na auna kwalta na zuba. Ya yi baƙi, wari ya cika rumfar.

Dröge ya leƙa tukunyar ya ce, "Allah ya isa, Injiniya. Ko surukata ba zan ba wannan ba."

Baba Pagels da kansa ya liƙe duka goma sha takwas, ya hana kowa taɓawa. Na tsaya ina auna kowane giram arba'in. Bai ce mini ɗana ba yau, bai kuma ce mini komai ba. Da muka gama ya liƙe ƙarin uku, ya ce in sa a kwalabena.

Litinin, 27 ga Agusta. Ƙarfe 1:00 na rana.

An mayar. Kwalabe garau, kwana ɗaya. Wasiƙa ta zo daga mahaifiyar Matthis, na sa ta a aljihun tebur.

Talata, 28 ga Agusta. Ƙarfe 9:15 na safe.

Garau, kwana biyu. Na kai wa Baba Pagels kwalaben ya ci gaba da dubawa. Ba a shiga jirgi da littafin rubutu irin wannan, zai zauna a nan. Na ƙirga burodin: na kwana goma sha huɗu ne. Digiri goma sha bakwai.

Lahadi, 9 ga Satumba. Ƙarfe 4:20 na yamma.

Mun shigo jiya. Har yanzu ƙasa tana lilo da ni, kuma na wanke kaina sau biyu warin mai bai fita ba.

Kwana biyun farko amai na yi ta yi a bokiti, suna ce mini sannu da aiki. Nutsewa ba ta da ƙara yadda na zata. An kashe babban injin, kunne ya toshe, sai ƙarfe ya riƙa 'yar ƙara kamar ana taka busasshen kara. A zane na ba bangon kauri milimita goma sha ɗaya. Daban ne mutum ya jingina bayansa da shi ya ji sanyin teku ta cikin riga.

Ran Asabar, 1 ga wata, ƙarfe 9:40 na safe, muna ƙarƙashin ruwa, Dassow ya ce a fara. Kwana huɗu cif a hanya, nakiyoyin kuma kwana biyar a jiƙe. Na zauna kusa da mai jan hannun sakin, wani Hinnerk mai ƙaton wuya.

Ya ja. Wani gurum ya ratsa ƙasan jirgin, hancinsa ya ɗan ɗaga, aka shigar da ruwa don a daidaita. Na danna agogo.

Sai a lokacin na gane babu abin da zan gani, babu abin da zan ji. In haɗin ya riƙe, shiru ne. Shirun nake aunawa. Daƙiƙa talatin da biyar. Hamsin. A sittin wutsiya ta wuce. A casa'in na ɗaga hannu.

Hinnerk ya ce, "Saura sha bakwai, malam. Kada ka ƙarar da zufarka a ta farko."

Minti arba'in da ɗaya aka yi. Duk jirgin ba mai magana, sai Dassow yana faɗin lamba a hankali. A ta goma sha ɗaya hannun ya cije, sai da Hinnerk ya sa ƙafa. Ban san me na yi ba a lokacin, an ce na ci gaba da ƙirga da ƙarfi.

Bayan ta ƙarshe Dassow ya leƙo ta ƙofar tsakiya ya ce, "Mai Agogo, yi numfashi. Iskar ta kowa ce, amma mun bar maka rabonka."

Da muka sauka Baba Pagels yana bakin tasha. Ya miƙo mini takarda, ya rubuta kowace rana da fensirin kafinta, garau, garau, garau, har kwana goma sha uku. Ya ce, "Ka rame, ɗana." Gobe ranar aika saƙo ce. Na ga Dröge ya wuce ta gaban taga, wasiƙa kawai a hannunsa.

Takarda tana jirana a tebur: in bayyana a Kiel ran Alhamis, ƙarfe goma, in amsa tambayoyi a kan zane mai lamba 114.

Abubuwan da ban sani ba, zuwa wannan sa'ar:

Inda jirgin Ohlrogge yake, da zurfin ruwan wurin.

Ko sabulu ne, ko raga, ko 'yan Ingila. Kofi uku ba hujja ba ce a kan jirgi uku. Na san haka, amma sanin bai rage mini komai ba.

Ko akwai wasu rumfuna a wasu tashoshi da suka yi dabara irin ta Baba Pagels, da ko sun gwada tasu fiye da kwana ɗaya.

Abin da zan ce a Kiel in wani ya tambaye ni girman ɓerayen.

Abin da Trine za ta ci.

Abin da ke cikin wasiƙar da ke aljihun tebur.

A hanyar dawowa mai wayar iska ya kama labari cewa wani jirgin kaya ya nutse a mashigar da muka zuba wa nakiya. An raba wa kowa kwalbar giya, ni ma an ba ni, har Hinnerk ya ɗaga tasa ya ce lafiyar Mai Agogo. Nakiyar ta taso a kan lokaci, ta tsaya a zurfin da aka sa mata, daidai da zane. Ban san sunan jirgin ba. Ban san mutum nawa ne a ciki ba. Na tambaya, an ce ba a ƙirga wannan.